Tsutsa Shuɗiya, Tsutsa Koriya

Jama'a, na gaji. Bari in faɗa tun daga farko, kafin ku sake yi min ruwan saƙonni irin na makon jiya. Na karanta su duka. Wata ta rubuto, "Corinne, shekararki ashirin da tara, ga mutum mai gona mai hankali yana binki, ke kuma kina can kina renon tsutsa." Wata ta ce in tura mata lambar Wendell tunda ni ban san darajarsa ba. Na gode ƙwarai. Sai dai duk abin da kuka rubuta Mama ta riga ku faɗa, ita kuma ba sai na buɗe waya nake jin nata ba, tun ina goge baki take farawa.

Waɗanda yau suka fara karanta ni, ga yadda abin yake. A gidanmu nake zaune, cikin gonar tabar Dadi, nan gabashin jihar Carolina ta Arewa a Amurka. Ina aiki a shagon abincin dabbobi a cikin gari. Yayana ɗaya ne, Royce, kuma shekara biyu ke nan da motarsa ta kife da shi a hanyar dawowa daga aiki. Abu guda mai numfashi ya bari a duniya, shi ne Otis, namijin hawainiya, wanda kejinsa ke cikin tsohon siton kayan aiki a bayan gida. Royce ne ya gyara siton da hannunsa, ya ja wuta, ya rataya fitilu, ya kafa rassa cikin kejin. Tun ranar jana'iza Mama ba ta ƙara taka ƙofar ba. Makulli ɗaya yana jakata, ɗayan yana rataye a ƙusa a kicin ɗinta, ko ƙurarsa ba ta gogewa. Sunan Royce ma ba a kiransa a gidanmu. Da magana ta nufi wajensa sai Mama ta miƙe ta ce ta bar wani abu a wuta.

Otis ya tsufa. Irinsu ba sa daɗewa, shi kuwa ya cinye shekarunsa har ya ɗan ƙara. Kusan wata guda ke nan da ya juya wa abinci baya. Na ba shi gyare, ya kalle su da ido ɗaya, ɗayan idon yana kan bango. Na ba shi kyankyasai, ya rufe idanun gaba ɗaya. Haƙarƙarinsa ya fito, jelar da yake naɗewa tam ta saki. Likitar dabbobi ta duba shi ta ce ba ta ga ciwo ba sai tsufa da rashin sha'awa, in nemo masa abin da ke tashi sama, wataƙila motsin fiffike ya tada masa tsohon hali. A nan na tuna abin da Royce yake yi masa duk lokacin zafi.

Akwai wata tsutsa mai ɗan ƙaho a gindi, wadda duk manomin taba ya tashi da ƙiyayyarta. Masu kiwon ƙadangaru kuwa da kuɗinsu suke sayenta. Ta gidan waya ake aiko min da su ƙanana, cikin kofin roba, da ƙullun alkamar da aka haɗa musu. Wadda ta tashi a kan ƙullun nan shuɗiya take zama, shuɗi mai haske kamar man goge baki. Ta gona kuwa koriya ce shar, don ganyen taba ko na tumatir take ci, kuma dafin ganyen yana nan zaune a cikinta. Ita bai dame ta ba. Ƙadangaren da ya haɗiye ta shi zai ji a jikinsa.

Shuɗɗan ma Otis ya ƙi su. To sai na yi abin da Royce yake yi, na bar su su girma son ransu. Suka yi ta ci har suka kai tsawon yatsana na tsakiya, rannan da safe suka daina. Wani baƙin zare ya bayyana a bayansu yana bugawa, suka kama zagaye kofin ba tsayawa. Lokacin ne ake kwashe su a zuba a akwatin ƙasa mai danshi. Ina kallo suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Da aka kwana biyu na tona gefe a hankali, na tarar sun zama ɓawo mai launin dabino, kowanne da ɗan hannu a ka kamar na buta. Daga nan sai jira. A bar musu fitila ta daɗe a kunne don su ɗauka har yanzu zafi ake yi, in ba haka ba su yi kwanciyarsu sai baɗi. A yayyafa ruwa kaɗan. A jira ɓawon ya tsage, malam-buɗe-littafin dare ya fito, ƙato, toka-toka, mai ƙarar fiffike. Irinsa ne Otis yake bi har ƙarshen reshe lokacin da Royce yake raye.

Kun ga halin da nake ciki. Ko dai ƙasar nan ta buɗe, ko Otis ya riga ta tafiya. Kullum safe in ɗiga masa ruwa da sirinji, in leƙa akwati, in tafi aiki. In dawo in sake leƙawa. Ƙasa ta yi shiru abinta.

Ana cikin haka ga Wendell Tarpley. Gonarsa ce ke maƙwabtaka da tamu, shi ma taba yake nomawa. Dogo ne kakkaura, kunnuwansa suna yin ja tun kafin a gama yi masa magana. Abokin Royce ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Ba ya shiga siton. Iyakarsa bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe, ya tambayi lafiyar Otis kamar mai gaida tsohon da ke asibiti. Kada ku ce ba na sonsa. Ban san ko ina sonsa ba, wannan ce gaskiyar. Tsorona shi ne in ce masa to, daga baya in gane gajiya ce ta amsa ba ni ba.

Ran Juma'a Mama ta gayyace shi cin abincin yamma, karo na ban san adadi ba. Ta shimfiɗa farin mayafin teburin da ba ya fitowa sai an yi baƙi, ta soya kaza da kuɓewa, ta gasa burodin masara, ga shayi mai sanyi da sukari cikin babban tulun gilashi. Ni ko rigar aiki ban cire ba, mai tambarin kare a ƙirji. Harara ɗaya Mama ta yi wa rigar, na san za mu haɗu daga baya.

Dadi ya yagi cinyar kaza ya ce, "Wendell, ka san 'yata dala take biya ana aiko mata da tsutsa ta gidan waya?"

"Na ji labari, Mista Harlan."

"Shekara arba'in ina kashe su. Ubana da hannu yake tsinko su yana fyaɗawa da ƙasa. Yau ga jikarsa tana kunna musu fitila. Saura ta saya musu bargo."

Wendell ya yi dariya, kunnuwan nan suka yi jajur. "To ai ni ina da su kyauta, Rinny. Ki zo da bokiti kawai."

Na buɗe baki. "Ai na gona ba a..."

"Ba a maganar tsutsa a kan teburina," in ji Mama.

"Mama, bari kawai in..."

"Corinne Adele."

Idan Mama ta haɗa sunayena biyu, magana ta mutu ke nan. Na ja kuɓewata na ci. A raina na ce ai wasa yake yi, mutumin da ko ƙofar siton ba ya ƙetarewa.

Bayan ya tafi muna wanke-wanke, ita tana wankewa ni ina ɗauraya, ta fara.

"Har yaushe?"

"Har yaushe me, Mama?"

"Kin san me. Yaron nan tun hunturu yake zarya a gidan nan. Kaji nawa zan ƙara yankawa?"

"Bari Otis ya samu sauƙi tukuna, kaina ba ya ɗaukar abu biyu."

"Otis, Otis. Mace da ranta da lafiyarta ta zama mai jinyar ƙadangare."

"Hawainiya ce."

"Ko kada ce." Ta dangwarar da faranti a ruwa har kumfa ta fallatsa mata a gaban riga. Sai muryarta ta sauka. "Ina so in ga yara suna gudu a tsakar gidan nan kafin gwiwoyina su ƙare. Gidan nan ya yi shiru da yawa, Corinne."

Da faɗa ta ci gaba da yi da na san abin da zan mayar. Sai na ci gaba da ɗauraya.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon Wendell ne.

"Yaya tsohon?"

"Bai ci ba."

"Ke fa, kin ci? Na ga kuɓewa kawai kika yi ta juyawa."

"Na ci."

"Ba ki ci ba. In ya ci za ki ci?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Na rubuta, "In ya ci, har rawa zan yi." Ya turo hoton ɗan mutum mai rawa. Na kife wayar.

Ran Asabar da na dawo daga aiki na tarar da rigata ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni shimfiɗe a kan gado, an goge ta har hannunta yana tsayawa da kansa. A ƙasa ga fararen takalman da ke matse min ɗan yatsa. A kan matashi ga 'yan kunnen lu'ulu'u na Kaka, waɗanda Mama ta ce ba za su fito daga akwati ba sai ranar da ta dace. Ban gama haɗiye wannan ba saƙon Gwaggo Faye, ƙanwar Dadi, ya shigo. Ita ba ta iya riƙe sirri ko na minti ɗaya.

"'Yar gidana, ki shafa jan farce gobe. Hannunki zai shiga hoto."

Wani ya biyo baya. "Ban ce komai ba fa."

Wani kuma. "Kuma don Allah ki wanke warin ƙadangaren nan."

Na zauna a bakin gado da takalmin a hannu. Wato gobe bayan coci, a gaban dangi, ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, Wendell zai ciro zobe ya nemi aurena. An gama shirya komai, amsata kawai ta rage, kuma ita ma kamar an riga an goge ta an shimfiɗa. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Ji na yi kawai ina so in yi barcin mako guda. Na shafa jan farcen, don in na ƙi ma wani surutun ne.

Ran Lahadi da sassafe na shiga siton da kofin kofi a hannu, na leƙa akwati don sabo kawai. Sai na ga ƙasa ta fashe a kusurwa, ga ɓawo a tsage ba kowa ciki. Na ɗaga ido. Yana can maƙale a jikin ragar da na kewaye akwatin da ita, jikinsa a jiƙe, fikafikan a cukurkuɗe kamar takardar da aka murje. Jama'a, kofin nan saura kaɗan ya suɓuce min. Na durƙusa a ƙasa da rigar barci ina kallon ƙwaro ina hawaye.

Amma ba a ba da shi a haka. Sai ya rataya ya yi sa'o'i, fikafikan su miƙe su bushe. In babu ƙarar fiffike Otis ba zai ko waiwaya ba. Na je gaban kejin. Yana kan reshensa na sama, ƙafafunsa na riƙe da ƙyar, launinsa kore mai duhu.

"Ka ɗan ƙara haƙuri, tsoho," na ce masa. "Ina dawowa daga coci."

Ya juyo da ido ɗaya ya dube ni. Na kulle ƙofa na jefa makulli a jaka.

A coci ban ji kalma ɗaya daga wa'azin fasto ba. Takalmi yana cizona, 'yan kunnen Kaka suna jan kunnena, Gwaggo Faye tana juyowa daga bencin gaba tana kashe min ido. Mama ta sa hularta mai faɗi, shuɗiya mai ɗan tsuntsu a gefe, tana rera waƙa da ƙarfin da na daɗe ban ji ba. Wurin zaman Wendell kuwa babu kowa. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya zo.

Na raɗa wa Mama, "Ina Wendell?"

"Yana da uzuri," ta ce, tana murmushin da ban yarda da shi ba.

Muna fitowa na duba waya, ga saƙon Wendell. "Ina da abin mamaki gare ki. Guda biyu ma." Ɗaya na san shi. Ɗayan ban ma tsaya tunaninsa ba, hankalina yana kan fikafikan da na baro suna bushewa.

Da muka iso gida an jera tebura ƙarƙashin bishiya, 'yan uwa sun fara sauke tukwane daga motoci. Akori-kurar Wendell tana gefen rijiya. Ban gaisa da kowa ba, na zagaya baya da sauri, ina jin Mama tana kirana. Tun daga nesa na ga ƙofar siton a buɗe, makullin kicin mai ƙura yana lilo a jikin kwaɗo. A bakin ƙofa ga bokitin ƙarfe. Warin ɗanyen ganyen taba ya daki hancina tun kafin in leƙa. A ciki ga ganye, ga su nan suna motsi a kai, ƙosassu, koraye shar.

Tsutsotsin gona.

Wendell ya fito daga cikin siton. Daga ciki, jama'a, shi da ba ya ƙetare ƙofa. Yana sanye da farar rigarsa ta coci, amma wandon ya jiƙe da raɓa har gwiwa, hannuwansa baƙi ƙirin da danƙon taba. Aljihun wandonsa na dama ya yi tudu mai kusurwa huɗu. Fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa.

"Rinny! Ya ci!"

Na dubi bokitin, na dube shi.

"Wallahi ya ci. Na ɗora masa a reshe, ya daɗe yana kallo, sai kawai harshen nan, fat! Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ina jin launin ne, waɗancan shuɗɗan naki ba su yi masa kama da abinci ba. Tun asuba nake bin gona kunya-kunya. Feshin da muka yi ran Alhamis ya kashe yawancinsu, da ƙyar na samo waɗannan."

"Feshi," na ce.

"Eh. To yanzu saura rawar da kika..."

"Nawa ka ba shi?"

"Uku. Ya cinye tas."

Na ture shi na shiga. Reshen sama babu kowa. Otis yana ƙasan keji, a kwance ta gefe ɗaya, ya yi baƙi kamar gawayi, bakinsa a buɗe, ƙafafunsa na baya suna karkarwa. Hawainiya ba ta sauka ƙasa sai abin ya kai maƙura. A ɗaya gefen, jikin raga, malam-buɗe-littafin ya gama bushewa. Ya buɗe fikafikansa manya, yana karkaɗa su a hankali yana gwadawa.

Na sa hannu na ɗauko Otis. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ƙafarsa ta gaba ta laluba ta kama ɗan yatsana mai jan farce.

"Me ya same shi?" Muryar Wendell ta canza. "Ɗazu fa yana sama. Rinny, ɗazun nan..."

"Dafi ne, Wendell. Na gona dafin taba ne a cikinsu. Ga kuma maganin feshi. Shi ya sa nake saye. Shi ya sa nawa shuɗɗa ne."

Ya dubi hannuwansa. Na ga jan kunnuwan nan ya zube, ya koma fari fat. Bai ce ban sani ba, bai ce ba ki gaya min ba.

Kafin ka ce me, mutane sun taru a bakin ƙofa. Gwaggo Faye da wayarta a ɗage, ta zo ɗaukar hoton hannu. Dadi a bayanta. Mama a gaba, amma ta tsaya daidai inda take tsayawa kullum, taku ɗaya kafin dokin ƙofa.

"Me ake yi a nan? Abinci yana hucewa. Wendell, ba ka da maganar da za ka yi ne?"

"Mis Opal, na yi ɓarna," in ji shi.

"Ke kika ba shi makulli, Mama?"

"Ni na ba shi. Yaro ya ce zai faranta miki, laifi ne?"

"Otis zai mutu."

Gwaggo Faye ta sauke waya. "Ayya. To ai a saya miki wani, 'yar gidana. Ba a shagonku ake sayar da su ba?"

Mama ta gyara hularta. "Corinne, mutane suna jira. Ki ajiye shi, ki wanke hannu, in an gama cin abinci a ga abin da za a yi. Ƙadangare ne fa."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Na Royce ne, Mama! Na Royce! Shi kaɗai ya rage da Royce ya taɓa da hannunsa yana numfashi!"

Har ƙarar fikafikan ƙwaron nan ana ji. Dadi ya sunkuyar da kai. Mama ta tsaya kamar na mare ta, ni ma na ji kamar na mare ta, amma ban janye ba. Shekara biyu ina zagaye sunan nan a gidan ubana, na gaji.

Wendell ne ya fara motsi. "Wace likita ce take buɗewa ran Lahadi?"

"Sai birnin Raleigh. Kusan awa biyu."

"Ba a motata ba. Taho."

Na cire fararen takalman nan na watsar, na zura na robar Royce da ke bayan ƙofa. Na naɗe Otis a tawul, na ɗauki sirinjin ruwa. Mutane suka dare muka wuce ta tsakiyar teburan, ta gaban kaza da wainar dankali da furannin da aka jera don ni. Wendell ya buɗe min ƙofar akori-kura, ya zagaya ya shiga. Da ya zauna abin aljihunsa ya tokare shi. Ya ciro ɗan akwatin zoben mai baƙin karan-miski, ko kallonsa bai yi ba, ya jefa shi aljihun mota cikin tsofaffin safar hannu ya rufe.

Zan gaya muku gaskiya, ku yi min duk fassarar da kuka ga dama. A daidai lokacin nan ina so in shaƙe shi. A daidai lokacin nan kuma, karo na farko tun hunturu, na ji zuciyata ta karkata wajensa.

Ya tada mota. Mun fara juyawa ke nan aka buga gilashin gefena da tafin hannu.

Mama ce. Tana haki, hular ta karkace, ɗan tsuntsun yana kallon ƙasa. A gaban rigarta ta coci ga wata ƙura toka-toka, irin wadda fiffike yake bari a hannu. Tana rungume da ɗaya daga cikin manyan kwalaben da take adana tumatir. A ciki malam-buɗe-littafin yana bugun gilashi.

Ashe ta shiga siton. Ita kaɗai, da hannunta ta kama shi.

Na buɗe ƙofa. "Mama..."

"Matsa," ta ce. Na matsa tsakiya, ta hau da gwiwoyin nan nata, ta ja ƙofa ta rufe. Ta ɗora kwalbar a cinya. An huda murfin da wuƙa, huji barkatai, ɗaya har ya yage.

"In ya farfaɗo zai ji yunwa," ta ce, idonta a kan hanya. "Royce ya ce a riƙa huda murfin. Kullum sai ya lalata min murafai."

Wendell ya goge ido da bayan hannu, danƙon taba ya bar masa baƙi a kunci, ya hau titi. Gonakin taba suna wucewa ta dama da hagu. Ina neman lambar likita da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin tawul, Otis yana riƙe da yatsana. Ƙwaron ya yi wani irin bugun fiffike a cikin kwalba, ƙarar ta cika motar.

Sai na ga fatar idon Otis ta motsa. Idon ya buɗe kaɗan, ya juya a hankali, a hankali, har ya tsaya a kan kwalbar da ke cinyar Mama.

"Yana kallo," in ji Mama. Ta kama hannun rigata. "Corinne, yana kallo!"

A ƙarƙashin tawul, inda ba wanda yake gani sai ni da nake ji, ƙafar da ke riƙe da yatsana ta fara saki.

"Wendell," na ce. "Taka mota."